Shekaru Uku na Sifiri

Tun daga kan matakala warin ya tari Auta: fitsarin ɓera, kashin jemage, da hunhunar takardun da suka sha daminar da ba ta ƙirguwa. Wai wannan ne ɗakin ajiyar cibiyar nazarin yanayi, inda aka jibge littattafan da akawunan dā suka riƙa rubuta ruwan sama a ciki kullum da hannu. Tir! Jibi za a kwashe su a ƙone, don Farfesa, shugaban sashensu, ya ce komai yana cikin kwamfuta. An turo ta ne kawai ta rubuta sunayensu kafin wuta ta ci.

Ita ce ma ta shigar da su kwamfutar shekara takwas baya, tana sabuwar ma'aikaciya, daga fotokwafi. Da aikin nata Farfesa ya gano wani gagarumin fari da ya ce an yi shekara sittin da suka wuce, shekara uku cur ba ɗigon ruwa. Da farin nan ya yi suna, ya yi tumbi, ya zaga taruka. Ranar da Auta ta kai labarin gida tana fankama, Gwaggo, yayar babanta, ta ce ita dai ruwa ta sani a shekarun nan, ruwa mai ban tsoro. Auta ta yi dariya a gaban dangi, ta ce tsufa ne.

Ta toshe hanci ta jawo littafin shekarun farin. Wani ƙaton kyankyaso ya fito ya bi ta hannunta, ta yarfe shi. Ta buɗe. Babu sifiri ko ɗaya. Guraben adadin ruwan a buɗe suke fayau, ba a rubuta komai ba. A gefen shafin, daidai inda fotokwafi ya yanke, akawun ya rubuta da ƙananan baƙaƙe cewa ma'aunin ruwa ya fashe, ya aika wa babban ofis takarda. Wata na gaba, ya sake aikawa. Haka har wata talatin da shida, bawan Allah yana ta roƙon gwangwanin awo guda. A wani shafi ya rubuta: ruwa kwana huɗu kamar da bakin ƙwarya, gada ta tafi, ba abin aunawa.

Nan ta tuna. Kwamfutar ba ta karɓar gurbi a buɗe, Farfesa kuma yana ta azalzala a gama. Sai ta riƙa danna sifiri, ta wuce. Ga mai wannan aiki kuwa, sifiri yana nufin an duba ba a samu ruwa ba, gurbi a buɗe kuma ba a auna ba ne sam. Da yatsanta ta ƙirƙiri farin.

Ta ɗauki littafin ta sami Farfesa a ofis yana sakace da ƙusar maƙala takardu, yana duba abin da ya zaƙulo. Bai taɓa littafin ba, leƙe kawai ya yi. Ko gezau bai yi ba, har ta fara zargin ya daɗe da sani. Ya ce takardar da gara ta ci ba hujja ba ce, ya ce a ƙarshen wata za a sabunta aikinta, kuma shi zai sa hannu. Sannan ya goge ƙusar a jikin kujera.

"In maganar nan ta fita, wa za a ce ya buga sifirin? Ni ko ke? Mayar da shi cikin tarin."

Ta ce to, ranka ya daɗe. Wannan "to" ɗin ya fi warin ɗakin ajiyar tayar mata da zuciya. Ta tsaya a bakin matakala, ta dubi tarin, ta tura littafin cikin jakarta da ƙazantarsa da komai.

Da la'asar ta tarar da Gwaggo a kan tabarma tana yanke farce. Tsohuwar ta yatsine fuska ta ce wane mushe ta kwaso mata. Auta ta durƙusa, ta faɗi komai ba ragi: gobe za ta kai littafin wurin babban darakta, ta ce ita ta yi kuskuren, kuma da wuya aikinta ya kai wata mai zuwa. Ta karanta mata rubutun akawun. Da ta zo kan gadar, Gwaggo ta ajiye rezar, ta ce ta maimaita.

"Yayarmu tana kan gadar nan ranar," in ji Gwaggo. "Ba a ga ko ɗankwalinta ba."

Auta ta kasa ɗaga kai. Gwaggo ta miƙo hannu ta jawo littafin mai wari, ta ɗora a cinyarta.

"Nuna mini ranar. Me kika rubuta a wurin?"

"Sifiri, Gwaggo."