To ɗin Baffa

Raket biyu Na'ima ta shimfiɗa a kan tabarma gaban mahaifinta, ɗaya baƙi, ɗaya ruwan toka, kowanne da ledarsa a mariƙi ba a ɓare ba. Malam Garba yana jingine da bango, an tokare masa ɓarin dama da matashin kai. Ya dubi raket ɗin, ya dubi 'yarsa, leɓensa na ƙasa ya karkace gefe guda.

"Baffa, Muttaka ne ya ba ni aro daga shagonsa. Ya ce in duba, in riƙe ɗaya in mayar masa da ɗaya. Yana gaishe ka."

"To," in ji Malam Garba.

Tun da ɓarin jikinsa ya shanye a damina, kalmar da ta rage a bakinsa ke nan. Duk sauran magana ta tattara ta tafi, har sunan 'ya'yansa, ta bar masa wannan 'yar mitsitsiya. Abin haushin kuwa shi ne, ko da yana lafiya da ita ya fi aiki. Duk wanda Malam Garba ya koya wa tanis a Kano ya san to ɗinsa kala-kala ne. In ka buga ƙwallo ta zauna inda ya dace, sai ka ji gajeren to, a datse, shi ke nan yabonka na ranar. In ka yi shirme sai ya ja ta, "Tooo," yana kallon sama, ka ji kamar ƙasa ta buɗe ka shige. Akwai "to fa" ta gargaɗi, akwai "to, to" mai nufin ya isa haka, tattara ƙwallayen. Na'ima ta girma a cikinsu. Tun ba ta kai tsayin raga ba take rarrabe su ko da ta juya masa baya.

Yanzu duk sun narke sun zama guda. Ba ta hawa, ba ta sauka, ba ta da tsawo, ba ta da gajarta.

Inna tana tsakar gida tana tsince shinkafa a faranti, kunnenta na ɗakin.

"Ke dai da neman wahala," ta ce. "Ɗazu na ce a zuba masa kunu, ya ce to. Na ce ko a bar shi, ya ce to. Ki ɗauki wanda ranki yake so, ki ƙyale bawan Allah ya huta."

"Inna, ban taɓa zaɓar raket da kaina ba."

"Ai yau sai ki fara."

Gaskiya Na'ima ta faɗa. Ta wakilci jiha sau da dama, kofunanta na jere a saman kwabar Inna tare da kwanukan tangaran, amma ba ta taɓa shiga shago ta ce wannan nake so ba. Baffa ne yake ɗaga raket, ya ɗora wuyansa a kan yatsa ya ga inda zai rinjaya, ya ƙwanƙwasa zaren da tafin hannu ya saurara, sannan ya miƙo mata. Kullum mai nauyi, ƙaramin kai, zare a ɗaure tamau. Raket marar nauyi, a wurinsa, na ragwaye ne. Cewa yake yana koya wa hannu ƙarya, ƙwallo ta tafi ba kai ka aike ta ba. Yaran da suke zuwa fili da irinsa kuwa, sai ya tambaye su ko mafici suka aro wajen kakarsu.

Baƙin da ke kan tabarma irin nasa ne, ƙanin wanda ya tsage mata a makon jiya. Ruwan tokar kuma mafici ne, babu wani suna da za a sa masa.

Abin da Baffa bai sani ba shi ne gwiwar hannunta. Tun kafin ya kwanta take jin zafin, kamar ana tsira mata allura duk lokacin da ta mayar da ƙwallo ta hagu, ta ɓoye saboda ta san zai ce ƙafarta ce ba ta tsaya daidai ba. Yanzu ko buta ta ɗauka sai ta cije leɓe. Likitan ƙashi bai yi mata kwana-kwana ba. Ya ce ko ta sauya zuwa marar nauyi, a sassauta zaren, ko kuma ta buga gasar share fage ta Kaduna da ke tafe ta zama ta ƙarshe a rayuwarta. Muttaka ma, da yake tsohon ɗalibin Baffa ne, sai da ya yi ƙasa da murya ya ce mata, "Wallahi da Malam na iya magana, da ya kore mu ni da ke. Amma hannun naki ne, Na'ima."

Hannun nata ne, amma ba ta jin za ta iya tsayawa a fili da abin da Baffa bai sa wa albarka ba.

Ta matsa kusa, ta ɗauki baƙin, ta buɗe masa tafin hannun hagu ta sa mariƙin a ciki. Yatsunsa suka rufe a kai. Ya yi ƙoƙarin ɗagawa, jijiyoyin wuyansa suka tashi, kan raket ɗin ya ɗan bar tabarma sannan ya koma ya faɗi. Mutumin da yake yini yana jefa wa yara ƙwallo har kwando ya ƙare ya sake cikawa. Na'ima ta kawar da kai.

"Irin namu ne, Baffa. Ka ji shi?"

"To."

Ta zare shi, ta sa masa ruwan tokar. Wannan ya ɗagu. Ya riƙe shi a sama yana rawa, har ya ɗan kaɗa shi gefe, iska ta yi 'yar ƙara a cikin zaren. Na'ima ta zuba wa fuskarsa ido. Tana neman ko gira ce ta motsa, ko hancin nan da yake turawa sama in ya raina abu.

"Wannan fa?"

"To."

Daidai da ta farko, kamar an buga hatimi. Ta sake gwadawa ta wata hanya. Ta ce idan baƙin ne ya dube shi. Ya dubi baƙin. Ta ce idan ruwan tokar ne ya dube shi. Ya dubi ruwan tokar. Daga waje Inna ta yi ƙaramin tsaki, ba na fushi ba, na gajiya.

Sai Na'ima ta naɗe hannun rigarta, ta nuna masa bandejin da ta ɗaure gwiwar hannun da shi. Ta faɗa masa komai, tun daga ranar da zafin ya fara har maganar likita. Ta faɗa masa ta ɓoye ne don tsoro. Tana magana tana jiran faɗan da ta shekara tana gudu, yau kuma babu abin da take so irinsa. Ya kalli bandejin ya daɗe.

"To," ya ce.

"Wane to ne, Baffa?" Muryarta ta tashi ba ta shirya ba. "Na yarda ne ko na fushi? Don Allah ka ja ta ko kaɗan. Ka ce to fa. Ka ce min ragguwa."

"Na'ima!" Inna ta ajiye faranti ta zo bakin ƙofa. "Mahaifinki kike ɗaga wa murya? Kin tambaya, ya ce to. Me kuma kike nema? 'Ya'yan wasu roƙo suke a ce musu to."

Wani abu ne ya zo wa Na'ima, mugun abu, ta san mugu ne ta kuma kasa riƙe shi. Akwai maganar da ba a taɓa yi a gidan nan an kwana lafiya ba. Yayanta Tajuddeen ya taɓa yin ta lokacin da ya samu aikin banki, Baffa ya yi wata guda ba ya amsa gaisuwarsa. Ta gyara zama, ta kalli mahaifinta ido cikin ido.

"Baffa, na fasa. Duka biyun zan mayar wa Muttaka. Na bar tanis, ba zan sake taka fili ba."

Bakin Malam Garba ya motsa. Ya buɗe, ya rufe, maƙogwaronsa ya hau ya sauka kamar mai ƙoƙarin haɗiye ƙwaya babu ruwa.

"To."

Wani ruwa ya gangaro daga idonsa na dama, ya bi ta gefen hanci ya shige gemu. Na'ima ta yunƙura, amma Inna ta riga ta. Ta tsuguna ta goge da bakin zanenta, ta gyara masa matashin.

"Kada ki sa wa ranki komai," ta ce a hankali, ba ta dubi 'yar ba. "Idon nan haka yake zuba tun da safe. Likita ya ce ba ya rufuwa sosai ne."

Kunya da baƙin ciki suka rufe Na'ima lokaci guda. Ta sunkuyar da kai har goshinta ya kusa taɓa gwiwarsa.

"Ƙarya nake, Baffa. Ka yafe min. Zan je Kaduna."

Ya ba ta amsar da ya ba kunu.

Ruwan tokar na hannunsa har yanzu. Ta ja a hankali, bai saki ba. Ko riƙe mata shi yake, ko hana ta yake, ko yatsun ne kawai suka ƙage, babu mai faɗa mata. Sai da ta ɓamɓare su ɗaya bayan ɗaya. Ta mayar da baƙin cikin jakar da ya zo a ciki, ta ɓare ledar mariƙin ruwan tokar a gabansa don ya gani da kyau.

"Wannan na ɗauka," ta ce. "Ni na zaɓa."

Ta sa hijabi, ta rataya jaka, ta fita. A zaure ta tsaya, hannunta a kan ƙyaure. Daga nan ana jin duk abin da aka faɗa a ɗakin Baffa, ko da a ƙasan maƙoshi ne. Ta tsaya tana saurare har ƙafarta ta fara sanyi a kan simintin. Ba ta ji komai ba sai ƙarar shinkafa da Inna ta koma tana tsincewa.