Irin Tattasan Kunka

Dafina na tsaye a kan kujera, hannu ɗaya dafe da bango, ɗayan yana lalube a saman kabad. Maƙwabciyarta Kunka tana kwance a gadon da aka jawo kusa da murhu, bargo har haɓa, amma bakin nan bai kwanta ba.

"Ba wannan ba, wannan na maɓallai ne. Can ciki, bayan fitilar."

"In na faɗo na karya ƙugu, ke za ki tashi ki yi jinyata."

"Faɗo mana. Gadon zai ɗauke mu mu biyu, me ya rage a jikinmu?"

Dafina ta sauko da tsohon gwangwanin alewa, ta hure ƙurar. A ciki akwai ɗan ƙulli a tsumma, bai kai cikin tafin hannu ba. Irin tattasai ne, wanda uwar Kunka ta zo da shi ƙauyen cikin kayan aurenta: ja, mai kaurin nama, in an gasa shi ɓawon yana zamewa kamar safa. Bara ƙanƙara ta tsinke lambun, 'yan kaɗan suka nuna, abin da aka samu ke nan. Irin tattasai kuwa ba ya jure ajiya. In bana bai shiga ƙasa ba, shi ke nan.

Kunka ta ce wa Dafina ta tafi da shi gidanta. Dafina ta yi kamar ba ta ji ba. Ta leƙa taga ta soma zancen iskar kudu da ta taso tun safe, ga ƙanƙarar bakin rufi tana ɗiga, ga dusar ƙanƙarar da ke bayan ɗakin kaji ta yi ramuka. Ta ce in aka ci gaba haka, mako mai zuwa sai a fara gyaran kunyar lambu. Kunka ta ce ƙarya ce, wannan watan gajere ne amma mugu, yana yi wa mutum murmushi ne ya cire rigar sanyi sannan ya shaƙe shi. Maris ma da ke tafe tsohuwa ce irinsu, da safe dariya, da yamma fushi.

Wannan gardamar ita ce abincinsu tun suna amare, gida na jikin gida, a ƙauyen nan na gindin dutsen Balkan. A da layin cike yake da mutane, babu mai sauraron su. Yanzu kowa ya tafi Sofiya ko Sifen ko maƙabarta, hayaƙi biyu ne kawai ke tashi a layin, nata da na Kunka.

"Dafina," in ji Kunka, "bar zancen iska. Fitar da shi daga gidan nan."

Dafina ta san dalili, kowa ya sani. Iri ba ya kwana a gidan da rai ya fita, yakan mutu tare da mai gidan. Ta cusa gwangwanin a aljihun gaban rigarta, ta ƙara itace a murhu fiye da yadda ake bukata.

Sauran maganar Kunka ta faɗe ta ne tana kallon rufi. Ba ta son mutanen birni masu safar hannu ta roba su taɓa ta, Dafina ce za ta yi mata wanka. Ita ma wannan ba sai an yi bayani ba: hannun da ya wanke gawa ba ya taɓa iri sai bayan arba'in. Bayan arba'in kuwa an makara, tattasai ba zai kai ga nuna ba sanyin kaka zai kama shi kore.

Dafina ta ce to ai da sauƙi, yau ɗin nan za ta shuka, ƙasa na nan ta tankaɗe, kofunan kindirmo na nan ta wanke ta huda gindinsu. Kunka ta ɗago kai daga matashi, abin da ta kwana biyu ba ta yi ba.

"Wata na raguwa za ki shuka mini irin uwata? Su fito sirara kamar ƙafafunki? Ki jira sabon wata."

"Ke fa?"

"Ni ma zan jira. Na jira mijina ya gama soja, ina jiran ɗana ya dawo daga Sifen tun gashina baƙi. Wata ne zai gagare ni?"

Haka suka shiga jira. Kullum da safe Dafina ta ratsa ta ɗan gibin shinge da tukunyar miyar wake, ta hura wuta, ta ba da labarin sama. Kunka ta sha cokali biyu ta ture, ta tambayi ko furen nan fari da ke huda dusa ya fito a gindin goro, ko an ji labarin shamuwa daga ƙauyukan kwari. Dafina takan ƙara gishiri: ta ce ƙasa har ta fara ƙamshi, ta ce ta ga ƙudan zuma ɗaya a bakin rijiya. Kunka ta ce ƙudan zuman nan wawa ne, zai mutu kafin azahar. Wani lokaci a tsakiyar magana barci ya ɗauke ta, Dafina ta zauna tana kallon bargon, ya ɗaga ko bai ɗaga ba.

Sau ɗaya ta kusa saɓawa. Ta jera kofuna a teburinta, ta kwance ƙullin, ta zuba irin a tafin hannu, 'yan fala-fala masu ruwan ƙwai. Wa zai sani? Amma Kunka za ta tambaya da safe, kuma a duk zamansu Dafina ba ta taɓa iya yi mata ƙarya a kan abin da ya wuce ƙudan zuma ba. Ta mayar ta ɗaure.

Saura kaɗan wata ya tsaya, sanyi ya dawo. Dafina ta shigo tana kakkaɓe dusa daga kafaɗa, ta durƙusa gaban murhu ta juya wa gadon baya. Ta ce to, mai gaskiya, sai ki yi murna, abin da kika faɗa ya faru. Ta ce ruwan kaji ya daskare, sai da ta fasa shi da dunduniya. Ta ce motar burodi ba za ta iya hawowa ba yau. Ba a amsa ba. Ta ci gaba da magana tana jera ƙirare, tana hurawa, ba ta juya ba sai da wutar ta kama sosai, ɗakin ya fara ɗumi. Bargon bai ƙara ɗagawa ba.

Zahari, ɗan Kunka, ya iso washegari da rana. Mutum ne da furfura ta fara cin gemunsa, direban babbar mota, da 'yar rigar da ba ta san sanyin garinsu ba. Ya tsaya a tsakar gida yana ta latsa waya. Ya ce akwai kamfani a birni, su za su zo da mota su yi komai, wanka da sutura da akwati, kada Goggo Dafina ta wahalar da kanta.

Dafina ta dubi hannuwanta. Da ta yi shiru da shi ke nan, hannun ya tsira, irin ya tsira, babu mai zarginta. Sauran matan ƙauyen biyu ne, ɗaya ba ta gani, ɗaya ba ta tashi.

"Kashe wayar nan, ɗan nan," ta ce. "Ɗebo mini ruwa ka ɗora a wuta."

Ta yi wa Kunka wanka da ruwan ɗumi da busasshiyar ɗoɗɗoya, a hankali, tana riƙe kan kamar na jariri. Ta taje mata gashi, ta sa mata rigar da ta ajiye a ƙasan akwati da sabbin safa na ulu. Ƙarƙashin faratan akwai baƙin ƙasar da ba ta fita, ta shekara da shekaru. Dafina ta gwada sau ɗaya, ta bar mata abinta.

Mutanen jana'izar ba su cika benci biyu na coci ba. Limamin ya zo daga wani ƙauye, yana sauri don hanya. An raba dafaffiyar alkama da sukari a bakin kabari, aka yi ta zancen sanyi, wani tsoho ya ce bai taɓa ganin ƙasa ta yi tauri haka a ƙarshen wata ba, wani ya ce ya gani. Da yamma gajimare ya yaye. Dafina na rufe ɗakin kaji ta ɗaga kai, ga jinjirin wata can a kan dutse, siriri kamar yankan farce.

Da safe Zahari ya kawo mata makullin gidan. Jirginsa na dare ne, sai ya kama hanya kafin azahar. Ya ce ta ɗauki kajin, ta ɗauki itacen, duk abin da take so. Yana magana yana kallon kofunan da ke jere a teburi, cike da ƙasa, babu iri a ciki.

Dafina ta tambaye shi ko ya sumbaci goshin uwarsa kafin a rufe akwati. Ba ta lura ba jiya, idonta ba ya gani sosai a lokacin.

Ya sunkuyar da kai.

"Ban iya ba, Goggo. Na zo har kusa, na kasa. Ko hannunta ban taɓa ba. Ban san wane irin ɗa ne ni ba."

"Ko hannunta?"

"Ko hannunta."

"To cire rigar nan ka zauna."

Ta nuna masa gwangwanin da haɓa. Shi ya buɗe, shi ya kwance ƙullin. Ita ta tsaya a bayansa, hannuwanta biyu a baya, ɗaya riƙe da ɗaya kamar masu shirin gudu. Ta ce ya huda da ɗan yatsa, iyakar farce, ba rijiya aka ce ya haƙa ba. Biyu-biyu a kofi. Yatsunsa manya ne, irin yana manne musu, yana faɗuwa a teburi, sai ya lasa yatsa ya ɗauko. Ta ce da uwarsa na nan da ya sha cokali a ƙeya. Ya yi dariya, dariyar ta karye a tsakiya, ya goge hanci da bayan hannu ya ci gaba.

Ya ba ta labarin inda yake, wai tattasai a can ƙarƙashin rumfunan leda yake, iyakar ganinka, shekara nawa yana jigilarsa bai taɓa ganin irinsa a ƙasa ba. Ya tambaya ko za su fito. Ta ce ba ta sani ba, ba a taɓa ba direba iri ya shuka ba. Ta ce ya zo da kaka ya ci gasasshe. Ya ce zai duba, ita ma ta ce to.

Ya kwashe kofunan ya jera mata a bakin taga, kusa da murhu, ya rufa musu tsumma mai laima yadda ta ce. Sannan motar haya ta yi ƙaho a bakin layi.

Tattasai ba ya gaggawa. Dusa ta narke, ta sake zuba, ta sake narkewa. Dafina takan ɗaga tsumman da bakin cokali, ta tsiyaya ruwa daga buta daga nesa, ba ta yarda ko gefen kofi ya shafi yatsanta ba. Ƙasa baƙa, shiru. Ta ce a ranta Zahari ya zurfafa ramin. Ta ce ko numfashinta ma ya isa ya kashe su, ta koma juya fuska in tana ba su ruwa. Kwanaki suka yi ta wucewa ba ta buɗe baki ta yi magana da kowa ba sai kaji, har ranar da motar burodi ta hawo muryarta ta fito a dishe.

Wata safiya rana ta shigo ta tagar da wuri. Ta ɗaga tsumman. A kofi na can ƙarshe, kusa da gilashi, ƙasa ta ɗan tsage, wani abu fari ya lanƙwaso kamar kan allura, bai ma ɗago kai ba tukuna, ɓawon irin na maƙale da shi.

Dafina ta ajiye cokalin. Ta mayar da hannuwanta baya, ta sunkuya a hankali har hancinta ya kusa taɓa kofin, ta riƙe numfashi.