Sifikar Gefen Umma

Ranar da tsohuwar amfilifayar gidanmu, na'urar da ke ƙara wa kiɗa sauti, ta mutu, warin ƙonewar waya muka fara ji kafin kiɗan ya ɗauke. Baba ya tashi ya bubbuga ta da tafin hannu kamar yadda ake yi wa wanda ya ƙware da ruwa, ba ta ce uffan ba. Ya juyo ya dube mu ya ce, "Dama ta daɗe da yin sanyi. Ba ta da ƙarfi."

Amfilifayar ba ta yi sanyi ba. Baba ne yake ta ƙara mata murya har ya ƙure ta, ta gaji ta ba da hayaƙi. Duk mun sani, ba wanda ya faɗa. Baba ya ƙare ƙuruciyarsa a maɗaba'a cikin ƙarar injinan buga takardu, su suka cinye masa ji a hankali. Amma mutumin da har gobe yake alfahari cewa daga bakin ƙofa yake gane injin da noti ya kwance masa, wa zai tare shi ya ce ba ya ji? Sai muka bar kaza cikin gashinta.

Ni ba ƙarfen ne ya dame ni ba. Tun muna ƙanana, in an yi la'asar Baba yakan zauna a kujerarsa ta katako kusa da taga, Umma ta zauna a ƙarshen doguwar kujera da saƙarta, a sa kaset. Sifikoki biyu dogaye, masu akwatin katako, suna tsaye a gefen kantar falo kamar masu gadi. Ba wata hira suke yi ba. Shi yana kaɗa yatsa a hannun kujera, ita tana bin waƙar a hankali, wani lokacin ta gyara wa mawaƙin baiti. Ko faɗa suka yi da safe, la'asar tana haɗa su. Mu yara mun san ba lokacin zuwa neman komai ba ne. Shagon ɗinkina yana bayan layinmu, don haka har yanzu nakan leƙo a wannan lokacin, in gan su a zaune in koma aiki da kwanciyar rai.

'Yan'uwana maza biyu ne, kuma kowa da irin ciwonsa. Yaya, babbanmu, ƙaunarsa a cikin kwali take zuwa, in kwalin bai cika ƙofa ba gani yake bai yi komai ba. Auta kuwa aikin lantarki ya karanta, ba ya taɓa abu sai ya juya bayansa ya karanta ƙananan rubutun. Ko kwalbar magani ka miƙa masa sai ka yi nadama.

Yaya ne ya riga. Ya shigo da kwalin sabuwar amfilifaya a kafaɗa yana haki, an rubuta ƙarfinta wat dubu uku a jiki da manyan lambobi ja.

"Baba, ga ƙarfi na kawo maka. Wannan ko a bakin titi kake za ka ji ta."

Auta ya durƙusa ya juya bayan amfilifayar, ya yi wata dariya mai ban haushi. "Yaya, dubu ukun nan na talla ne. Ƙarfin da za ta iya yi na ƙiftawar ido ne kafin ta shiɗe. Ga na gaskiyar nan a ƙasa, ɗari da hamsin kowane gefe."

"To, ɗari da hamsin ɗin kaɗan ne?"

"Yawa ya yi. Sifikokin Baba wat sittin suke ɗauka, juriyarsu om takwas. In an bi ta a hankali ba komai, amma in aka ƙure ta, takardar sifikar za ta yage."

"Wa ya ce za a ƙure ta?"

Nan dukkanmu muka ƙi kallon Baba. Shi kuwa yana ta shafa kwalin yana murmushi, bai ji ko ɗaya daga cikin abin da aka ce ba.

Aka haɗa wayoyi, aka kunna. Fitilu shuɗi da kore suka kama rawa a gabanta. Baba ya karɓi rimot ya danna, ya ƙara dannawa, ya kuma ƙarawa. Gilashin taga ya fara kaɗawa, kofunan da ke cikin kantar suka kama gaisawa da juna. Fuskar Baba ta washe yadda na daɗe ban gani ba.

"Yauwa," ya ce. "Yanzu na ji batu."

Yaya ya dubi Auta da kallon gani ya kori ji. Ni Umma nake kallo. Ta runtse ido ɗaya, allurar saƙarta ta tsaya cak.

Ta yi ƙoƙari, Allah ya sani. Da farko auduga ta riƙa cusawa a kunne ta rufe da ɗankwali. Daga baya ta ja kujerar roba ta koma bakin ƙofar falo, rabin jikinta a ciki rabi a waje. Da ciwon kai ya matsa mata sai ta riƙa ƙirƙiro aiki a kicin. Ana kukan targaɗe sai ga karaya: sifikar dama ta fara wani kuka a ƙasan kiɗan kamar ƙuda a cikin gwangwani, alamar abin da Auta ya faɗa ya kama hanya. Baba bai ji wannan ba ma.

Wata la'asar na leƙo na tarar da falon shiru. Baba yana kujerarsa, rimot a cinya, fitilun amfilifaya a kashe. Yana kallon ƙarshen doguwar kujera inda zaman Umma ya lotsa katifar.

"Uwata," ya ce, don haka yake kirana, "ina mahaifiyarki?"

"Tana kicin, Baba."

"Me ake dafawa da la'asar kullum?"

Ya juya rimot ɗin a hannunsa ya ce, "Ta gaji da waƙoƙin nan. Ko kuma da ni ta gaji, ai an daɗe."

Maganar ta soke ni. Na shiga kicin na tarar ba abin da ke kan wuta, Umma tana goge tukunyar da take a goge. Ta tambaye ni ko fushi yake da ita, tunda ya daina kunnawa. Tsoro ya kama ni sosai, na ga mutum biyu da suka tsufa tare za su ƙarasa kwanakinsu kowa a ɗakinsa, kowa yana zaton ɗayan ne ya juya masa baya, duk saboda wani akwati mai fitilu.

Washegari na rufe shago na tasa ƙeyar 'yan'uwana zuwa layin masu kayan sauti. Mai shagon da muka shiga ya jera mana amfilifaya uku a kan tebur, kuma kafin ya rufe baki Yaya da Auta sun koma gardamarsu inda suka tsaya. Yaya yana cewa a bar tasa a sayi manyan sifikoki da za su iya da ita. Auta yana cewa a ɗauki mai tamanin, wai ƙaramar da ake ƙurewa ma tana kashe sifika, gara mai ɗan rarar ƙarfi. Wat, om, wat, om, kamar masu koyon karatu. Na bar su har na ƙoshi.

"Ku dakata," na ce. "Duk kun iya lissafin abin da sifika za ta ɗauka. Akwai wanda ya lissafa abin da Umma za ta ɗauka?"

Na juya wajen mai shagon. "Malam, kunnuwa iri biyu ne a ɗaki ɗaya. Akwai wadda za ta yi ƙarfi a gefe ɗaya, ta yi taushi a ɗaya gefen?"

Ya nuna ta ƙarshe, wata baƙa marar kwalliya, ba fitila ba rimot, wat hamsin kowane gefe, om takwas. A gabanta akwai ɗan abin murɗawa da ke karkata sauti hagu ko dama, abin da ta Yaya ba ta da shi duk da fitilunta. Kusa da shi da wani maɓalli da ke haɗe kiɗan wuri ɗaya, yadda kowace sifika za ta ba da waƙar cikakkiya, ba rabi ba.

Auta ya ɓata fuska. "Ai an kashe sitiriyo ke nan."

"Allah ya ji ƙansa," na ce.

Ya yi dariya duk da bai so ba, sannan kansa ya fara aiki. Ya ce in aka ɗauko sifika ɗaya aka ɗora ta a kan ƙaramin tebur daidai kunnen Baba na dama, wanda ya fi ji da shi, hamsin ɗin ma ba za a taɓa ƙure ta ba. Yaya ya daɗe yana kallon ƙaramar amfilifayar, na san ransa bai so a mayar masa da kyautarsa ba, har ya ba ni tausayi. Da ya buɗe baki kuwa, shi ya faɗi abin da ya fi na kowa nauyi.

"Baba ba zai yarda a sauko da shi daga dubu uku zuwa hamsin ba. Kuma ranar da kuka ajiye masa sifika a kunne, kun gaya masa shi kurma ne."

Gaskiya ya faɗa. Muka ɗauko ta duk da haka, muka shiga da ita ta ƙofar baya, muka zayyana wa Umma komai a kicin. Ta saurara har ƙarshe tana share hannu da tsumma, sannan ta ce, "Ku shigo da ita. Ku bar ni da shi."

Ta shiga gaba muna biye. Ta tsaya daidai gefensa na dama ta ɗaga murya.

"Malam, wata alfarma nake nema. Kunnena ya lalace."

Baba ya gyara zama. "Kunnenki?"

"Ba ya ɗaukar ƙara yanzu. Da an ɗaga sauti sai kaina ya kama sarawa, shi ya sa ka ga ina gudu. Kunya ce ta hana ni faɗa. Yaran sun samo wata da za a rage mini gefena. Taka sifikar kuma a matso maka da ita, kada lalurata ta cuce ka."

Ko gezau ba ta yi ba. Matar da ke jin an buɗe firji daga bayan gida.

Baba ya dube ta, ya daɗe yana dubanta. Sannan ya girgiza kai da tausayi irin na manya. "Tsufa ne, sai haƙuri. Ai da kin faɗa tun farko. Auta, yi yadda mahaifiyarku take so."

Auta ya ja waya ta bayan kujeru, Yaya da kansa ya ɗauko sifikar da ba ta yi rauni ba ya ɗora ta kusa da Baba, ya sa ɗan kwali a ƙarƙashin ƙafar teburin don kada ya yi rawa. Mai kukan ƙudan aka bar wa Umma, da yake a ƙasa-ƙasa ba ta kuka. Aka sa kaset. Baba bai bari kowa ya taɓa abin murɗawar ba. Ya sunkuya da kansa yana karkata shi kaɗan-kaɗan yana kallon fuskarta.

"Nan ya yi miki?"

"Ƙara ragewa."

"Nan fa?"

"Ya yi."

Ta zauna a wurinta ta warware zare. Kofuna suka zauna lafiya a cikin kantar. Yaya da Auta suka fita da babbar amfilifayar suna gardamar ko za ta dace da sifikokin shagon Yaya, ni kuma na durƙusa ina tattara guntayen waya a gaban kujerar Baba. Sai na ji ya dafa kafaɗata. Ya sunkuyo ya kare bakinsa da hannu zai yi mini raɗa, amma wanda ba ya jin muryarsa bai san girmanta ba, maganar ta fito har ta danne waƙar.

"Uwata, na san ni ne ba na ji. Kada ki gaya mata na gane. Ta sha wahala kafin ta shirya wannan ƙaryar."

Na kasa ɗaga kai. Da na saci kallon Umma, idonta yana kan saƙa, hannunta bai tsaya ba, sai dai ta zarce layi ba ta sani ba. Ta bari ya koma ya jingina, sannan ta ɗago ta dube mu.

"Magana kuke yi?" ta ce. "Ban ji ba."