Ba a Ɗaukar Goggo

Duk unguwar Gwallaga a Bauchi babu wanda ya san ni da sunan yanka. Maman Juwai mai masa, shi ke nan. Ko ɗan acaɓa ka tambaya a bakin layinmu, zai nuna maka rumfata. Alhali ni ko ɓari ban taɓa yi ba, abin da ya fitar da ni daga gidan miji ke nan har sau biyu.

Juwairiyya 'yar ƙanena Muktar ce, 'yar fari. Matarsa Fati kuwa irin mutanen Ƙofar Ran ɗin nan ce masu alkunya kamar su suka ƙirƙiro ta. Tun ranar suna bakinta bai taɓa kama sunan yarinyar ba. Sai dai "waccan", ko "'yar Yaya". In tana ba ta nono a gaban mutane sai ta kau da kai, kai ka ce aikin gayya aka sa ta. Ranar yaye Muktar da kansa ya saɓo yarinyar a kafaɗa, ya dire mini ita a gaban tanda, ya ce, "Yaya, ga 'yarki. Ba aro ba ne, halak malak." Na goya ta ina juya masa. A bayana ta yi ƙyanda, a ɗakina ta fara salla, ni ta fara kira Umma. Wannan tabon da ke bayan hannuna na dama, ranar da ta rarrafo za ta faɗa cikin mai na same shi.

Daga baya Muktar ya samu aikin jinya a ƙasar Turawa ya tafi, ya bar Fati da ƙananan yara biyu a unguwar Ɗan Iya. Shekaru suka ja, ya samu takardar zama. Ni ban san me wannan ke nufi ba sai wata safiya da Fati ta sauko daga keke mai ƙafa uku, ta tsugunna a gefen rumfata tana wani sanyin murya.

"Yaya, ina kwana. Ina Juwairiyya?"

Wallahi ƙullun da ke cikin ludayi sai da ya zube a ƙasa. Yarinya ta kai shekara goma sha bakwai, yau uwarta ta san sunanta, kuma ta faɗe shi tas, ko tuntuɓe harshenta bai yi ba.

"Wace Juwairiyya?" na ce. "Waccan kike nufi, ko wata aka haifa ban ji ba?"

Ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ta miƙo mini waya. Ga Muktar a ciki, ya yi ƙiba, ya sa wata hular sanyi kamar mai gadi. Ya ce gwamnatin can ta ba shi damar ɗauko iyalinsa, mata da 'ya'ya. Amma duk yaron da ya cika sha takwas ya fita daga lissafi, don haka dole a sa Juwai yanzu.

"To ka ɗauki biyun da ke gidanka," na ce. "Wannan ai ka bayar."

"Haba Yaya, karatu fa za ta yi. Likita za ta zama. Kuma kina zaton zan bar ki a gaban wuta har tsufa? Su fara shiga, in sun zauna sai mu cike taki takardar. Ke ce ta gaba, in sha Allahu. Ɗakinki ma na riga na ware."

Ni da na yi masa wanka da tsarki yana yaro, me zai sa in ce ƙarya yake? Na ce Allah ya sa alheri.

Juwai ce ma ta tayar da ƙayar baya. Da ta dawo daga makaranta ta ji labari, ta faɗa kan katifa tana kuka, wai ita ba inda za ta sai da Ummanta. Ni, ni da bakina, na zauna ina lallashinta. Na ce sakarya, ana kiran ki ga tuwo kina neman ƙanzo? Ki je ki share mini ɗaki, ina nan tafe.

Daga nan aka shiga hidima. Aka kwashe su zuwa Abuja, aka goga musu auduga a cikin kumatu, wai gwajin jini ne don a tabbatar 'yar Muktar da Fati ce. Sakamako ya fito ya ce tasu ce, kamar da can wani ya yi musu. Sai Fati ta dawo da wata sabuwa. Wai wani mai shirya wa mutane takardun tafiya ya ce Turawan ofishin jakadanci ba su san riƙo ba. In suka ji yarinya a wani gida ta tashi, za su ce ba iyali ɗaya ba ne, su hana kowa. Don haka Juwai ta koma Ɗan Iya da kwana. Kuma in kawo duk hotunanta, na makaranta da na salla da na saukar Alƙur'ani, za a haɗa a nuna. Na juye mata su a leda, har da wanda ke rataye a saman gadona.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne bitar tambayoyin da za a yi wa Juwai a ofishin jakadanci. Yarinyar ta kasa. Fati ta tambaye ta, "Wa ya rene ki?" sai ta ce Umma. "Wace ce Umma?" sai ta nuna ni. Fati ta rasa yadda za ta yi, ta ce, "Yaya, ke kaɗai take ji. Ki taimaka."

Haka na riƙa rufe rumfa da la'asar in hau keke zuwa Ɗan Iya, in zauna a kujera in zama Baturiya.

"Wace ce wannan?" in nuna Fati.

"Mamata."

"Ni fa?"

Sai idonta ya kawo ruwa.

"Ke, buɗe baki! Ni wace ce?"

"Goggona."

"Ban ji ba."

"Goggona ce, yayar Babana. Tana sayar da masa a Gwallaga. Muna zuwa gaishe ta da salla."

"Yawwa, 'yar albarka. Sake."

Na sa ta maimaita har ya zauna mata kamar Fatiha. In na fito sai in tsaya a bakin titi in share fuska da gefen mayafi kafin in tsayar da keke, don kar ɗan keke ya dame ni da sannu.

Akwai wata Liatu, 'yar Bogoro, ma'aikaciyar jinya ce, kullum in ta taso daga aiki a wurina take karyawa. Ina zuba mata masa ina ba ta labari, har da cewa in na je can zan ga ko Turawa sun iya cin yaji. Ta ajiye cokali ta dube ni.

"Maman Juwai, wa ya ce miki za a ɗauke ki?"

"Ƙanena."

"Ni fa yayana yana can, mun bi wannan hanyar. Irin bizar nan ta mata ce da 'ya'ya. Ba a sa yaya, ba a sa goggo. Ki dai tambaya da kyau."

Na hau ta da faɗa. Na ce baƙin ciki ne, don nata yayan ya manta da ita shi ne take so kowa ya zauna. Baiwar Allah ba ta rama ba, ta ce Allah ya ba ki haƙuri, ta tafi. Har ta sha kwana ina masifa.

Biza ta fito bayan ƙaramar salla. Fati ta kira ni tana guɗa a waya, ta ce za a yi walimar bankwana ranar Asabar, kuma duk Bauchi wa zai yi masar in ba ni ba? Na jiƙa shinkafa tun Alhamis. Ranar na ɗora tanda a kan keke na kai Ɗan Iya, na kafa murhu a tsakar gida. Mata suka cika gidan, 'yan Ƙofar Ran an sha leshi, kowa na cewa Fati ta yi goshi.

Wajen azahar mai ya ƙare, na shiga falo neman Fati. A nan na gan shi, an wanke shi babba an sa a gilashi an jingine a kan talabijin. Hoton saukar Juwai ne. Ga ta da allo da farin hijabi. Ga leshina ruwan goro, wanda na ɗinka don ranar. Ga hannuna a kafaɗarta, da tabon mai a bayansa. Amma kan da ke saman wuyan na Fati ne, tana murmushi. Ko wahalar canza hannun ba su yi ba.

Fati ta shigo da Juwai a bayanta, an yi mata lalle har gwiwar hannu.

"Au, kin gani?" in ji Fati. "Yaron studiyon nan gwani ne. Baturiyar ma sai da ta ce mun yi kama."

"Ina kaina?"

"Wane kai?"

"Kan da aka cire. Ina aka kai shi?"

"Kai Yaya, kin cika abin dariya. A kwamfuta fa ake yi."

Na dafa kujera. Na ce to, tunda komai ya kammala, yaushe za a fara cike tawa takardar? Ko fasfo ba ni da shi, gara in sani da wuri.

Fati ta shiga gyara ɗankwali. Ta ce ai wannan maganar sai Abbansu ya kira. Na ce a kira shi yanzu. Ta ce yana wurin aiki. Na ce to ke, Juwai, ke kika iya Turanci, ke kika karanta takardun nan kaf. A ina aka rubuta layina?

Yarinyar ba ta sunkuyar da kai ba. Da ta sunkuyar ma da na ji sauƙi.

"Babu layin," ta ce. "Ba a ɗaukar goggo."

"Tun yaushe kika sani?"

"Tun da muka je Abuja. Na tambayi Abba, ya ce kar in faɗa miki tukuna."

"Kika kuma yi shiru? Ina zuwa nan kullum ina koya miki yadda za ki ce ba ni na rene ki ba, kina kallona?"

"Da na faɗa ai da kin hana. Kuma ke kika ce in tafi."

Ni na ce. Wannan kam ba ta yi ƙarya ba.

Fati ta matso ta dafa ni, da wannan sanyin muryar tata. "Yaya, ki yi haƙuri, amma riƙo ai riƙo ne. Kin yi naki, Allah ya biya ki. Jini kuma ya yi magana, har Turawa sun shaida. Za mu riƙa kira, ba ga waya ba?"

Na ture hannunta. Ita dai ba ta taɓa yi mini alkawari ba. Na juya wurin wadda na goya. Na ji tsoro, wallahi tsoro na ji, irin wanda ban ji ba ko ranar da aka miƙo mini takardar saki ta biyu.

"Juwai," na ce, "an gama ai. Bizar tana hannunku, babu mai ƙwacewa. Nan babu Baturiya, daga ni sai ke sai uwarki. Kira ni yadda kika saba, sau ɗaya, in ji."

Ta dubi Fati. Ta dubi hoton. Daga tsakar gida wata mata ta ɗaga murya tana tambayar ina mai masar ta shiga, baƙi na jira. Ƙauri ya fara shigowa falon.

"Goggo," in ji Juwai, "masarki na ƙonewa."

Na fita na kwashe wadda ta ƙone, na zuba wani ƙullun.