Baƙin da Ba a Yi wa Rakiya Ba

Jiya bayan azahar na jingina da dirkar rumfata ina jiran mai sayen waina, barci ya sace ni, na yi wani mafarki. Da ma barcin rana ya zame mini sana'a. Tun da korona ta sa aka rufe hanya, baƙin da ke zuwa kallon Dutsen Ƙwarya suka ɗauke ƙafa. An buɗe hanyar, su ba su dawo ba. 'Yata Lantana kuma ta yanke hukunci daga Kaduna: in watan nan ya ƙare ban yi baƙo ko ɗaya ba, za ta turo mota a kwashe ni da tandata, in je in zauna a bene ina kallon bango. Shekarata talatin a rumfar nan. A bene wa zan ba labari?

To, a mafarkin sai na ga dutsen ya sa takunkumi. Da zannuwa wajen arba'in aka ɗinka shi, aka maƙala igiyoyinsa a jikin kuka biyu. Ana ruwa, amma daga ƙasa yake tashi ya nufi sama, kowa ya kife lemarsa ya tsaya a ciki. Na tattare zanena na wuce a hankali, don gwiwoyina ko a mafarki ciwo suke.

Sai ga ni a ofishin masu kula da baƙi. Shugaban wurin bunsuru ne, da tabarau da babbar riga, warinsa har bakin titi. Sakatariyarsa akuya ce, sak ta maƙwabciyata Ladidi mai ƙosai, har yankan kunnen. An buga takardun talla tuli guda, masu hoton dutsen, an rubuta "Ku dawo, mun warke", su kuma suna zaune suna cinye su ɗaya bayan ɗaya. Bunsurun ya yi mini bayani cewa haka ake raba talla yanzu: in sun ci sun zaga gari, saƙon zai watsu ko'ina da kansa. Na ce to Allah ya sa a iya karantawa.

Na faɗa masa abin da ya kawo ni. Ya gama tauna, ya dube ni ta saman tabarau.

"Iya Tasalla, ai baƙinku ba su tafi ba."

"To suna ina, ranka ya daɗe?"

"Suna bayan gari. Ranar da aka rufe hanya kowannenku ya shige ɗaki ya ja ƙyaure, ba wanda ya taka musu. Mutumin da ba a raka ba ai bai tafi ba. Tun da bai tafi ba, ta ina zai dawo?"

Na ga gaskiyarsa. Kunya ta kama ni, don ni ma a ranar da bakin muciya na tura wa wata Baturiya wainarta daga nesa, na ruga gida ko sallama babu.

Sai ga ni a bayan gari, gindin tsamiya. Suna nan tsaye, shekara uku. 'Yan makarantar da aka kawo kallon dutse duk sun yi gemu, wanduna sun ɗage musu zuwa gwiwa. Amarya da angon da suka zo ɗaukar hoto sun haifi biyu, amma har yanzu suna riƙe da murmushin da mai hoto ya ce kada su saki. Baturiyar kuwa kaza ta yi ƙwai a malafarta, wainar tana hannunta da zafinta. Motarsu ta kwanta a inuwa tana tuƙa kamar saniya.

Muka gaisa. Na ce ina gajiya, suka ce akwai. Ban taɓa jin baƙo ya amsa haka ba, amma ban ga laifinsu ba.

Na ba su haƙuri, na ce su taso in taka musu zuwa gada. Motar ta miƙe ta biyo mu a baya. Rakiya kuwa ba ta yiwuwa baki a rufe, sai na ɗauko musu zancen haƙorin Makkan Ladidi. Duk garinmu Hajiya ake ce mata. Amma ni na san ranar da ta tafi, na san ranar da ta dawo, kwana tara ne tsakani, kuma dabinon da ta raba mana a ƙunshe yake cikin takardar wani kanti na Kano.

Muka isa gada. Na ce to nan zan tsaya, ku gaida gida. Angon ya ce, ta cikin murmushin nan nasa, ai ba zai yiwu tsohuwa ta koma ita kaɗai ba, bari su taka mini. Suka rako ni har tsamiya. A tsamiya kuwa su ne baƙi, ni ce 'yar gari, dole in raka su. Muka juya.

Sau goma sha ɗaya muna wannan. Hanyar kanta ta gaji, ta naɗe kamar tabarma ta jingina da wata bishiya, sai da aka lallashe ta ta sake shimfiɗuwa. Rana ta sauko ta nemi kujera. Duk juyawar da muka yi kuma, in na ɗaga kai sai in hango benen Lantana yana tahowa daga Kaduna da ƙafa, a hankali kamar kunkuru. Da farko kamar akwatin ashana yake. A juyi na tara har ina ganin labulen taga, da Lantana a bayansa da waya a kunne, da wata kujera da aka ajiye mini tana fuskantar bango.

Gwiwoyina suka fara magana da juna. Ta dama ta ce wa ta hagu ita dai gara benen. Na ce su yi mini shiru, da manya nake tafe.

A juyi na goma sha biyu Baturiyar ta matso kusa da ni, kazar na kanta, ta rage murya.

"Iya, to wa ya sa mata haƙorin?"

Nan na gane. Ashe ba don girman tsufana suke rako ni ba. Ni ce duk juyi nake ƙara musu wani sabon yanki na labarin, su kuma suna biye.

Da muka kusa gada sai na gyara murya. Na ce, da Ladidi ta sauka a tashar Kano, wani dogon mutum mai jar hula ya karɓi jakarta, ya kira ta da wani suna da ba wanda ya san shi sai uwarta. Daga nan na rufe bakina. Na zauna daɓas a tsakiyar hanya na miƙe ƙafa, don wanda ke zaune ba a raka shi.

Suka kewaye ni. 'Yan makaranta suna ja mini mayafi da gemunsu na rawa, amarya ta saki murmushin shekara uku ta ce don Allah wane ne mai jar hular. Na ce sauran labarin ba ya fitowa sai a rumfata, a bakin tanda mai zafi, kuma sai ga wanda ya je gida ya kwana ya dawo da wani.

"Ku gaida gida," na ce. "Allah ya kiyaye hanya."

Suka duba juna. Motar ta durƙusa suka hau, ta yi hamma ta haye gada. Benen Lantana ya tsaya cak, ƙafa ɗaya a sama. Can bayana na ji dutsen yana kwance takunkuminsa, ya yi wata doguwar ajiyar zuciya. Ban gama murza gwiwata ba sai na ji motar tana dawowa, tana ta danna hon.

Na buɗe ido. Hon ɗin na gaske ne, amma na wata a-kori-kura ce da ta tsaya a gaban rumfata. Direban ya sauko, ya gaishe ni, ya ce sunansa Ɗanjummai. Ya kawo kaya nan kusa ne, Hajiya Lantana ta ce ya biyo ya kwashe ni, wai kwana biyun da suka rage ba za su canja komai ba. Yana magana idonsa na kan dutsen.

"Iya, wannan ana hawansa kuwa?"

Na ce ana hawa, ɗana, hau ka sauko waina ta nuna. Na hura wuta. Da ya sauko yana haki na zuba masa shida da yaji, na ɗauko masa zancen haƙorin Ladidi, a hankali don tana rumfar gaba. Na raka shi har gada, gwiwoyina suna kuka, na tsayar da labarin daidai kan mai jar hula.

Ya tafi ba ni ba tanda. Ya ce ranar Asabar zai dawo da matarsa, ita ma ta san wata mai irin wannan haƙorin.

Da yamma na sa aka kira mini Lantana. Na ce mata na yi baƙo, ya hau dutse, ya ci waina, kuma na gode da ta turo shi.