Kujerar Gefen Teburin Kawu

Aikin Kawu a cibiyar bincike shi ne juya fayil. Masu hasashen ruwan sama suna fitar da sakamakon lissafinsu a wani tsari da manhajar masu nazarin koguna ba ta iya karantawa. A tsakaninsu Kawu yake zaune da tsohuwar kwamfutarsa, wadda ita kaɗai ke ɗauke da duk abin da juyin yake bukata. Duk mai fayil sai ya zo ya zauna a kujerar roba da ke gefen teburinsa ya jira. A kan kujerar nan manyan daktoci suka tambayi lafiyar gwiwarsa, suka yi dariyar labaran da suka sha ji.

Auta, 'yar ƙanwarsa, ita ta jawo masa sunan Kawu a ofis. Shi ya kawo ta, shi ya koya mata aikin. Yanzu ga shi ta tattara manhajar juyin da duk abin da take dogaro da shi ta rufe a kwantena, wato ƙunshi guda da za a ɗora a kowace kwamfuta ya yi aiki iri ɗaya.

"Kowa zai juya fayilinsa daga inda yake zaune," in ji Oga, shugaban sashensu, yana washe baki. "Yarinyar nan akwai kai."

Kawu ya gyaɗa kai. Shekara da shekaru yana wannan aiki, ba a taɓa cewa yana da kai ba. Haƙuri ake cewa yana da shi.

Dokar Oga ita ce ba a karɓar sabon abu sai ya yi aiki a kwamfutar Kawu, don ita ce mafi taurin kai a ginin. Ranar gwaji suka taru a bayansa: Oga, Auta, da Dogo mai kula da intanet ɗin ofis, wanda ba ya shiga inuwa ɗaya da Kawu.

"Tsohuwarka ta tashi kuwa, ko sai mun tura ta?" Dogo ya tambaya.

"Ta riga ka zuwa aiki, kamar kullum," Kawu ya ce.

Auta ta ɗora kwantenar, ta ba ta fayil ɗin ruwan sama. Rubutu ya riƙa gudu a allo. Abin da Kawu kan yi rabin yini yana lallaɓawa ya kusa ƙarewa kafin shayin Oga ya huce. Sai allon ya tsaya da jan layi: an hana ajiye sakamako.

Wani sanyin daɗi ya ratsa ƙirjin Kawu, har ya ji kunyarsa. Ya san dalilin. Tun da daɗewa ya kulle foldar da ake ajiye sakamako, ba mai rubutu a cikinta sai da sunansa, kwantenar kuwa baƙuwa ce ga kwamfutar. Kalma kaɗan za a ƙara a umarnin, a ce ta yi aiki da sunansa, shi ke nan.

Auta ta sake gwadawa. Jan layin ya dawo. Ta goge tafinta a gefen rigarta, kamar yadda uwarta take yi in ta ruɗe.

"Kawu, ka ga wani abu?"

Ya ƙura wa allon ido kamar mai tunani. Ai ba don yau ya kulle foldar ba. Bai taɓa komai ba, bai yi ƙarya ba. Wanda ya yi shiru, me za a ce ya aikata?

"To," Oga ya duba agogo. "Da alama ba ta nuna ba tukuna. Mu ci gaba da yadda muka saba."

A nan Kawu ya lura da Dogo. Ya sunkuyo ta kan kafaɗarsa, ya tsuke ido, leɓensa na motsi. Ya kusa ganowa. Kawu ya hango yadda za ta kasance: Dogo ya ceci aikin, Oga ya dafa shi, Auta ta koma gida ta faɗa wa uwarta cewa Dogo ne ya taimake ta.

"Matsa, kana hura min wuya," ya ce da sauri. Ya ja madannai gabansa. "Laifin foldata ne, ba na kwantenarki ba."

Ya ƙara kalmomin. Sakamakon ya sauka tsaf.

Auta ta riƙe hannunsa da hannu biyu. "Allah ya bar mana kai, Kawu. Sai na gaya wa Mama."

"Da ma bakina ya kai can," Dogo ya yi gunaguni.

"Hannuna ya riga bakinka."

Da aka watse, Kawu ya zauna yana juya abin. Za a yi masa addu'a a gidan ƙanwarsa saboda alherin da hassada ta yi da hannunsa. Ko ana rubuta wa mutum ladan irin wannan, bai sani ba.

Bayan azahar Auta ta leƙo. "Kawu, Dakta mai hasashen ruwan sama yana so in nuna masa yadda ake tayar da kwantenar. Ara min kujerar nan mana."

Ya dubi kujerar, ya dubi Auta.

"Ɗauki. Ƙafar baya tana rawa, ki jingina ta da bango."

Ba a jima ba ya jiyo dariyar Dakta daga can ƙarshen ɗakin. Ya san dariyar sarai, irin wadda ake yi wa labaransa ce a kan kujerar nan.