Ba Laifi, In Ji Tsofaffi

Ni na tsara takardar tambayoyin, kuma a lokacin ina ji da ita. Cibiyar tsofaffi ta unguwarmu, inda ake auna hawan jini, a raba magani, a zauna hira, ta kama hanyar zama kango. Daga mutum sittin a rana ta koma sha biyar. Babban ofishinmu ya ce ko mu gano dalili kafin ƙarshen wata, ko a garƙama mata kwaɗo.

Muka bi gida-gida da takardar. Yaya kuke ganin cibiyar? Ba laifi. Ma'aikata fa? Ba laifi. Na tattara, na rubuta cewa kusan kowa ya gamsu. To in an gamsu, ina mutanen? Har babana, wanda a da yake riga mai gadi isa ƙofar, ya daina zuwa. Na yi ta masa mita cewa son jiki ne, shi kuwa sai ya ce ƙafa ce, ya ƙara muryar rediyo.

Sai aka ce mu ɗauki 'yan unguwa su yi binciken da kansu, tunda mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Cikinsu akwai Inna mai ɗinki, tsohuwa mai tabarau ɗaure da zare, wadda ta shekara arba'in tana auna mutanen unguwar da tef. Ta karanta rahotona tana bin layi da yatsa, sannan ta ɗago.

"'Yar nan, in na yi wa mace ɗinki ta ce min ba laifi, na san ba za ta sa shi ba."

Na ji kunya, na kuma ji haushi, don gaskiya ɗaci gare ta.

Takardar tawa a jaka ta bar ta. Ta nemi sunayen waɗanda suka daina zuwa, ta riƙa bin su ɗaya bayan ɗaya. Sau biyu na raka ta, ta sallame ni, wai ba a buɗe ciki a gaban mai biro. Amma abin da na gani ya ishe ni darasi. Inna ba ta tambaya. Zama take ta kama ƙorafin gwiwarta, ta zagi maganin da ke sa ta zaryar banɗaki, sannan ta yi shiru tana ɗinke wa mai gida maɓallin da ya saki. Shirun nan shi ke jawo magana. Ba ta rubuta komai sai ta fito, ta jingina da bango.

Bayan mako biyu ta kawo abin da ta samo. Sabon maganin da ake ba su yana sa yawan fitsari. Banɗakin cibiyar guda ne, a bayan gini, sai an hau matakala biyar, kuma na tsuguno ne. Kafin tsoho mai ciwon gwiwa ya kai, ko kafin layi ya zo kansa, mai afkuwa ta afku. Wasu ya faru da su, wasu tsoro ya zaunar da su a gida. Ta yi wa kowa alkawarin ba za ta kama sunansa ba.

Ranar taro zauren ya cika, don da ƙafarta ta bi ta gayyato su. Shugaban da ya zo daga babban ofishi mutumin kirki ne, amma sai abin da takarda ta faɗa. Ya saurara, ya ce ya ji, sai dai labari ba hujja ba ne. Mutum nawa ne, kuma su wane ne? In babu, ba shi da abin da zai nuna wa na sama da shi, maganar rufewa na nan daram.

Kowa a zauren ya sunkuyar da kai. Ni kam a raina roƙon Inna nake ta faɗi ko suna biyar mu huta. Ta dafa kujera ta miƙe da ƙyar.

"Ranka ya daɗe, sunan wani ba nawa ba ne balle in bayar. Amma rubuta nawa. A matakala ta uku abin ya same ni, na koma gida ina jan mayafi."

Ko gaskiya ne, ko ɗaukar wa wasu kunya ta yi, har yau ban tambaye ta ba. Wata tsohuwa daga baya ta ɗaga hannu. Sai wani tsohon direba. Daga nan hannuwa suka yi ta tashi a hankali, ba mai kallon ɗan uwansa. Shugaban ya bi hannuwan da kallo. Can ya ce a nemo magini gobe ya gyara banɗakin, ni kuma in ƙirga masa waɗanda suka ɗaga hannu.

Na fara daga gaba. A layi na huɗu, kusa da taga, na iske hannun babana a ɗage rabi, idonsa a kan takalminsa. Shi ne na ashirin da uku. Na rubuta, na wuce ga na kusa da shi.